Ranar da Tukunya Ta Ƙi Sanyi

A watan Agustan bara aka gayyace ni wata ikkilisiya a bayan garin Abuja domin in zama ɗaya daga cikin alƙalai uku na wani ɗan ƙaramin baje kolin kimiyya. Waɗanda suka shirya shi iyalai ne kaɗan na masu bi da suke koyar da 'ya'yansu a gida, tare da waɗansu maƙwabta da nasu yaran suke hutun makaranta. An jera tebura a zauren makarantar Lahadi, kowane yaro yana tsaye kusa da aikinsa, ga kwali a jingine da bango wanda aka rubuta bayani a kai. Ni ba masanin kimiyya ba ne, harshe da tarihi na karanta a jami'a. Na karɓi gayyatar ne da tunanin aikin yini ɗaya ne mai sauƙi, ashe zan koma gida da tambayar da har yau ba ta bar ni ba.

Tebura biyu ne suka jawo maganar. A na farko akwai wani yaro da ɗan gida na katako, an yi masa fenti, an sa masa faifan hasken rana a rufi, fitilu suna kamawa a kowane ɗaki. Jama'a suka taru suna yabo. Da na tambaye shi abin da zai faru idan aka juya wayoyin batirin, sai ya waiga ya dubi mahaifinsa, mahaifin kuwa ya amsa tun yaron bai buɗe baki ba. Tambaya uku na yi, uban ne ya amsa duka ukun.

A tebur na biyu wata yarinya ce mai kimanin shekara goma sha ɗaya. A gabanta akwai tukwane biyu na ƙasa da aka sayo daga Ushafa, ƙarama a cikin babba, an cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, an rufe bakin da tsumma mai laima. Sai ma'aunin zafi, da wani littafin rubutu da ya sha hannu. Ta ce mini, "Baba, na yi zaton tukunyar za ta riƙa yin sanyi kullum. Na gwada a hunturu ta yi sanyi sosai, tumatir ya daɗe bai lalace ba. Na sake gwadawa a damina, sai ta ƙi. Zatona bai yi daidai ba." Ta nuna mini shafukan Janairu da na Agusta, kowace rana da awon safe da na la'asar, na cikin tukunya da na waje.

Da muka matsa gaba, mahaifiyarta ta biyo ni ta ce a hankali, "Baba, ka yi mana haƙuri. Na ce mata ta cire shafukan damina, ta nuna na hunturu kaɗai, tun da su ma gaskiya ne. Ta ƙi." Baiwar Allah nan ba maƙaryaciya ba ce. Uwa ce da ba ta so 'yarta ta ji kunya a gaban jama'a. Amma maganarta ce ta sa na riƙa tambayar kaina: idan yaro ya yi gwaji, sakamakon ya ƙi bin zatonsa, me Kirista zai koya masa ya yi? Shin akwai laifi a ɓoye rabin gaskiya, idan rabin da aka nuna ba ƙarya ba ne?

Abin da tukunyar ta faɗa

Aikin yarinyar yana da tarihi a ƙasarmu. Kakanninmu sun san ruwan randa ya fi na kwano sanyi, kuma wannan yanki na Abuja gidan maginan tukwane ne tun da daɗewa. A nan aka yi Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, wadda kuma hotonta yake a bayan takardar naira 20. A shekarun 1990 wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ɗan gidan maginan tukwane, ya ɗauki wannan tsohon sani ya yi ta gwaji har ya daidaita dabarar tukunya cikin tukunya, ya kuma yaɗa ta a ƙauyukan da ba su da lantarki. Rahotannin lokacin sun nuna cewa gautan da yake lalacewa cikin kwana 3 yana iya kai kwana 27 a ciki. A shekara ta 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki.

Dalilin sanyin ba asiri ba ne. Tukunyar ƙasa tana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ruwan da ke cikin yashi yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska ta kwashe shi. Ruwa kuwa ba ya tashi ya bi iska sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa, shi ya sa gumi yake sanyaya mutum. A hunturu iska busasshiya ce, tana shan ruwa da sauri, sai tukunya ta yi sanyi. A watan Agusta iskar Abuja cike take da laima, ba ta da wurin karɓar ƙarin ruwa. Kowace uwa ta san wannan, gama shanyar da take bushewa kafin azahar a Janairu takan kwana a igiya a tsakiyar damina.

To, ka ga, shafukan da aka so a cire su ne suka fi daraja a littafin. Su ne suka nuna inda dabarar take aiki da inda ƙarfinta yake ƙarewa. Mai sayar da tumatir da ya ga shafukan hunturu kaɗai zai zuba jarinsa a tukunya cikin damina, ya yi hasara. Yarinyar ta gano abu na gaske ta hanyar kuskuren zatonta, ta kuma faɗe shi yadda yake.

Hanyar da ake bi

Abin da ake kira hanyar binciken kimiyya ba shi da wuyar fahimta. Da fari mutum yakan lura da wani abu. Sa'an nan ya yi tambayar da za a iya amsawa da awo ko da ƙirga. Sai ya faɗi zatonsa, ya rubuta shi tun kafin ya fara, domin kada daga baya ya ce dā ma abin da yake nufi ke nan. Sai ya shirya gwaji mai adalci: abu biyu da suke daidai da juna a kome, a canja abu ɗaya tak a ɗayansu, a bar ɗayan ya zama abin kwatanci. Ya rubuta abin da ya gani a ranar da ya gan shi. Ya maimaita. A ƙarshe ya kwatanta sakamakon da zatonsa, ya bayyana yadda ya yi aikin dalla-dalla, har wani ya iya bin sawunsa ya kama shi idan ya yi kuskure.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ba baƙo ba ne ga irin wannan tsari. A sura ta fari ta littafin Daniyel, mai lura da samarin ya ji tsoro za su rame idan suka ƙi abincin sarki. Daniyel bai tsaya gardama ba. Ya roƙa a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa, sa'an nan a kwatanta fuskokinsu da na samarin da suke cin abincin fada, a yi hukunci bisa ga abin da aka gani. Akwai zato, akwai ƙayyadadden lokaci, akwai abin kwatanci, akwai kuma yarda da sakamako tun kafin a san shi.

Ba Kiristoci kaɗai suka gina wannan hanya ba, ya kamata mu faɗa wa yaranmu haka. Ibn al-Haisam, Musulmi haifaffen Basra wajen shekara ta 965, wanda ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi gwaje-gwaje da haske a ɗaki mai duhu, ya kafa hujja cewa gani yana faruwa ne sa'ad da haske ya shiga ido daga waje. Ya yi haka ne a lokacin da littattafan manyan masana na dā suke cewa daga ido haske yake fita. Allah yana sa rana ta fito wa kowa, haka kuma ya buɗe halittarsa ga duk wanda ya dube ta da aminci.

Idan ka duba matakan nan da kyau, za ka ga kusan kowannensu shinge ne da aka kafa wa zuciyar mai binciken kansa. Me ya sa sai an rubuta zato tun da wuri? Domin mutum yana son ya zama shi ne mai gaskiya. Me ya sa sai an maimaita? Domin mukan riƙe abin da ya yi mana daɗi, mu manta da wanda bai yi ba. Me ya sa sai wani ya duba? Domin laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Hanyar kimiyya ta ɗauka tun farko cewa ɗan adam yana iya ruɗin kansa. Annabi Irmiya ya riga ya faɗa mana haka game da zuciya a sura ta 17, saboda haka mai bi ne ya fi cancanta ya karɓi wannan horo ba da gunaguni ba.

Mudu biyu a gida ɗaya

Maganar Allah ta damu da awo ƙwarai. Littafin Firistoci 19:35-36 ya umarci jama'ar Allah su yi gaskiya a ma'aunin tsawo da na nauyi da na mudu. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu, na saye dabam, na sayarwa dabam. Karin Magana 11:1 ta nuna cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba, yana kuwa murna da na gaskiya. Annabi Amos ya tsawata wa 'yan kasuwar da suke rage mudu. Mun saba karanta ayoyin nan muna tunanin mai awon hatsi da ya bubbuge gindin mudunsa. Amma ma'aunin zafi ma mudu ne, littafin gwaji ma mudu ne. Wanda ya rubuta lambar da bai gani ba, da wanda ya goge lambar da ya gani, duka sun taɓa mudu.

Sai mu koma ga hujjar uwar yarinyar, cewa shafukan hunturu ai gaskiya ne. Gaskiya ne, kowane layi. Amma kwalin da zai tsaya a bayansu zai sa mai kallo ya gaskata cewa tukunyar tana aiki kullum, alhali mai ita ta san ba haka ba ne. Labarin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni 5 yana da abin koya mana a nan. Kuɗin da suka kawo kuɗi ne na gaske, nasu ne kuma, ba wanda ya tilasta musu su ba da duka. Laifinsu shi ne sun miƙa sashi kamar shi ne duka. Ba ina kwatanta nauyin laifinsu da shawarar uwa mai tausayi ba. Ina nuna cewa siffar abin ɗaya ce. Ana iya yin shaidar zur da kalmomin da kowaccensu gaskiya ce, idan aka zaɓe su domin su sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba.

Tarihi ya ba mu misalin mai bi da ya tsaya a wannan mararraba. Johannes Kepler Bajamushe ne da ya yi karatu da niyyar zama fasto, daga baya ya zama masanin taurari. A birnin Prag ya gaji awon sararin sama da Tycho Brahe ya tara kafin rasuwarsa a 1601. Kepler ya shafe shekaru yana lissafin tafiyar jan tauraron nan da ake kira Mas, yana riƙe da ra'ayin da masana suka riƙe kusan shekara dubu biyu, cewa tafiyar abubuwan sama da'ira ce cikakkiya. Lissafinsa ya kusa dacewa da awon, sai ɗan bambanci na minti 8 na kusurwa, wato kimanin rubu'in faɗin wata yadda muke ganinsa daga ƙasa. Da ya ce kuskuren mai awo ne, ba wanda zai kama shi. Amma ya san Tycho ba ya kuskure mai girman haka. Sai ya yar da aikin shekaru ya sake sabo, har ya gano cewa hanyar tauraron da'ira ce mai ɗan tsawo, ya buga wannan a 1609. A kan wannan gaskiya Isaac Newton ya yi gini, a kanta kuma ake lissafin tafiyar taurarin ɗan adam har yau. Kepler ya gaskata cewa Allah ne ya tsara sammai, saboda haka ya ga ba shi da ikon gyara wa Allah lissafi domin ya ceci ra'ayin kansa.

Abin da ƙasa take biya

Wani zai ce, ai wasan yara ne, kwali ne da tukunya, me ya kai mu ga wannan dogon zance? Amsar ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka koya wa gyara lamba a shekara goma sha ɗaya, shi ne zai zauna a ɗakin gwajin asibiti yana da shekara talatin, ko ya sa hannu a takardar da ta ce ƙarfen gini ya isa.

Mun ga abin da yake faruwa idan awo ya rasa mai gaskiya. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka mutu a Nijeriya bayan an ba su maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka tarar yana ɗauke da wani sinadari mai guba irin wanda ake sawa a man birki. Gwaji na gaskiya a kan kayan haɗin kafin a zuba su a kwalba zai iya tare wannan masifa. A ɗaya gefen kuma, sa'ad da yara ɗaruruwa suka mutu a ƙauyukan Zamfara a 2010, awon jini da na ƙasa ne ya nuna cewa gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, daga nan aka san abin da za a kwashe da maganin da za a bayar. Awon da aka yi da gaskiya ya ceci rayuka, wanda aka tsallake kuwa ya cinye su.

A nan Abuja muna da hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999, wadda ta harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003. Muna da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Sheda kusa da Kwali. Muna da asibitoci da ɗakunan gwajin magani da na ruwan sha. Gine-gine da na'urori kuɗi ne yake sayensu. Mutumin da zai rubuta abin da na'ura ta nuna, ko da shugabansa ba ya son ji, a gida ake renonsa. Muna kuka kowace shekara da satar jarrabawa, muna zagin cibiyoyin da ake biya a rubuta wa ɗalibi amsa. Amma uban da ya gina wa ɗansa gidan katako ya tsaya yana amsa tambayoyi a madadinsa, me ya koya wa yaron, in ba cewa lada ana samunta da guminsa ko da gumin wani, duk ɗaya ne?

Gwada halitta da gwada Mahalicci

Akwai tsoro na gaske a zukatan waɗansu iyaye, ba zan raina shi ba. Suna cewa, idan muka koya wa yaro kada ya yarda da abu sai ya gwada, wata rana zai juyo da wannan wuƙa a kan bangaskiyarsa. Sun ga 'ya'yan maƙwabta sun tafi jami'a sun dawo suna yi wa addu'a dariya.

Ga abin da na gani. Yaron da ya fi shiga haɗari shi ne wanda aka hana tambaya, ko wanda ya kama iyayensa suna lanƙwasa gaskiya domin su kāre Allah. Ranar da ya gane an ɓoye masa shafukan damina a abu ɗaya, zai fara shakkar dukan abin da aka koya masa. Littafi Mai Tsarki bai ji tsoron mai bincike ba. An yabi mutanen Biriya domin sun duba Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus kansa ya ce wa Tasalonikawa su gwada kome su riƙe mai kyau. An ba da labarin Sulemanu cewa hikimarsa ta haɗa da sanin itatuwa, da dabbobi, da tsuntsaye, da kifaye. Ubangiji Yesu bai kori Toma ba, ya nuna masa hannuwansa.

Amma hanyar tana da iyaka, wajibi ne yaro ya san iyakar. A baje kolin nan wani yaro ya gaya mini cewa badi zai shuka wake a gwangwani biyu, ya riƙa yi wa ɗaya addu'a, ya bar ɗaya, domin ya nuna wa jama'a addu'a tana aiki. Na yaba da himmarsa, na kuma ba shi shawara ya bari. Taki da ruwa da hasken rana ana iya ƙara su a rage su, gama ba su da nufin kansu. Allah kuwa Uba ne, yana ji, yana amsawa bisa ga nufinsa, ba ya shiga gwangwani domin ɗansa ya ci gasa. Sa'ad da Iblis ya ce wa Ubangiji ya diro daga ƙololuwar Haikali ya ga ko mala'iku za su tare shi, amsar da ya bayar a Matiyu 4 ta raba mana abu biyu: halitta an ba mu ita mu bincika, Mahalicci kuwa mu dogara gare shi. Idan waken da aka yi wa addu'a ya bushe, yaron zai shiga jarabar yin ƙarya saboda Allah, ko ya yi fushi da Allah. Ayuba ya tambayi abokansa a sura ta 13 ko Allah yana bukatar su yi ƙarya dominsa. Ba ya bukata.

Ma'aunin zafi zai gaya maka ko tukunya ta yi sanyi. Ba zai gaya maka dalilin da ya sa ya kamata ka rubuta gaskiya sa'ad da ba mai ganinka ba. Wannan amsa daga wani wuri take zuwa, a gidan Kirista kuwa mun san wurin.

Kalma ga masu koyarwa a gida

Koyar da yara a gida ya fi yawa a Amurka, inda aka daɗe da al'adar baje kolin kimiyya na ɗalibai. Na farko na ƙasa baki ɗaya an yi shi a birnin Filadelfiya a 1950. A wurinmu abin bai yaɗu ba, ko da yake rufe makarantu na kimanin wata shida a 2020, saboda annobar korona, ya sa iyaye da yawa sun ɗanɗana zama malamai. Ya kamata mai wannan niyya ya tuna cewa dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin tabbatar da yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, saboda haka ya nemi shawarar hukuma da ta masana kafin ya yanke hukunci.

Gida yana da albarkar da aji mai ɗalibai da yawa ba shi da ita. A gida ne yarinya za ta iya auna tukunya safe da yamma daga hunturu har damina. Amma yana da nasa rami. Uwa ita ce malama, ita ce mai duba jarrabawa, ita ce kuma wadda zuciyarta take karyewa idan yaron ya faɗi. Idan aikin yaro ya gaza, sai ta ji kamar ita aka yi wa hukunci a gaban masu cewa dā ma an faɗa mata. Wannan shi ne babban amfanin baje koli ga irin waɗannan iyalai: yana kawo idon baƙo. Yaro yana koyon tsayawa shi kaɗai ya amsa wa wanda ba danginsa ba, iyaye kuma suna koyon ja da baya su yi shiru.

Kowane gida zai iya farawa, ko yaransa suna zuwa makaranta ko ba sa zuwa, ba kuwa sai da kuɗi ba. A shuka masara a gwangwanaye masu zurfi dabam-dabam a ga wadda za ta riga tsirowa. A kafa kwalba mai faɗin baki a tsakar gida a riƙa auna ruwan sama daga Afrilu zuwa Oktoba. A daka 'ya'yan zogale a zuba a ruwa mai laka, a ajiye wani ruwan ba a zuba kome ba, a ga wanda zai riga kwantawa, a kuma koya wa yaro cewa ruwa ya yi garau ba ya nufin ya kuɓuta daga ƙwayoyin cuta, sai an tafasa. Waɗanda makarantarsu take da ƙungiyar JETS ta matasa masu sha'awar kimiyya da fasaha, a ƙarfafa su su shiga. A saya wa yaro littafi ɗaya, ya riƙa rubutu da biro, a kafa doka cewa ba a yage shafi, ba a goge lamba. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai a rubuta dalili. Uba ya riƙe tsani, ya yanka abin da yake bukatar wuƙa, ya yi tambaya, amma kada ya ba da amsa. Idan an taimaka wa yaro, a rubuta a jikin kwalin wanda ya taimaka da abin da ya yi. Ranar da yaro ya zo ya ce zatonsa bai yi daidai ba, a yi masa murna a fili, domin ya san a gidan nan faɗar gaskiya ba ta jawo kunya.

Mu alƙalai uku mun daɗe muna shawara a ranar. Ɗayanmu ya ce gidan katako ne ya burge jama'a, kada mu kunyata iyalin da suka kashe kuɗi. Muka yarda a sake kiran yaron shi kaɗai. Da mahaifinsa ba ya kusa, ya ce mana shi fenti kawai ya yi, amma yana so ya san yadda hasken rana yake zama wuta. Muka ce masa wannan tambayar ita ce aikinsa na badi, ya yi shi da hannunsa. Lamba ta ɗaya kuwa muka ba yarinyar. Da aka kira sunanta, mahaifiyarta ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Daga baya ta aiko mini saƙo cewa sun ajiye tukwanen, za su sake aunawa a watan Maris, lokacin da zafi ya fi tsanani, su ga abin da zai faru.

Ubangiji ya ba mu gidajen da mudunsu ɗaya ne, a ɓoye da a fili, ya kuma ba mu 'ya'yan da za su faɗi abin da suka gani. Amin.